Ranar da Aka Ɗauke Ni Aikin Zagi a Likita

Abubuwa da dama na gani a zamanina, kuma yawancinsu sun fara dusashewa kamar rubutun alli da aka bi da tsumma. Amma akwai rana guda wadda tsumman tsufa ya kasa gogewa, kuma ina kyautata zaton ba zan rabu da ita ba sai an rufe ni da ƙasa. Ita ce ranar da ma'aikatan lafiya, da hankalinsu da fararen rigunansu, suka roƙe ni in shiga ofis in zagi mutum.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin wanda aka roƙa, domin ya gane nauyin roƙon. Ni Ba'are ne, wato ɗan ƙabilar Arawa, haifaffen wani gari tsakanin Gecheme da Dumega. Na yi karatu tun zamanin da ake tsoma alƙalami a tawada, lokacin da kuskuren harafi ɗaya kan sa yaro ya kwana da zafin hannu. Na koyar, na zama diraktan makaranta, na kuma ajiye alli da mutuncina cikakke. Har yau Mushe ake kirana, kamar yadda ake kiran malamin boko a wajenmu. Ba na fita ba hula. Ba na ƙyalƙyala dariya a kasuwa. Kuma tun da na fara sa babbar riga, babu mahaluƙin da zai ce ya taɓa ganina ina gudu. A riƙe wannan na ƙarshe, zai yi amfani nan gaba.

Mutum ɗaya ne tak a duniya wanda duk wannan girma ba ya shiga idonsa, wato wani tsohon Bafillace da rugarsu take bayan garinmu, kusa da fadama. Tare muka tashi, shi da sanda, ni da allo. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Arawa da Fulani, wanda muka gada daga kakanni: a zagi juna, a ci mutuncin juna, kuma haramun ne a yi fushi. Shi yana kirana Kaɗo, sunan da Fulani ke ba wanda ba nasu ba, ko kuma bawansa. Ni ina kiransa Agwai. Yakan ce tsagen da ke kumatuna alama ce da kakansa ya yi wa dukiyarsa don kada ta ɓace. Ni kuwa nakan tuna masa cewa kakan nasa ya iso bakin rijiyarmu da akuya guda ramammiya, yana rantsuwa saniya ce.

To, a wata damina sai Agwai ya kwanta. Ashe ya daɗe da ciwon sukari bai sani ba, sai da ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa, wurin ya ƙi warkewa, ya zama gyambo. Aka kai shi likitar garinmu, wato ƙaramin asibitinmu. Majo, babban ma'aikacin jinya, yana wanke ƙafar. Lokotoro, wato dokta, wanda ke zuwa daga Dutsi ranar kasuwa, ya rubuta magani iri biyu, ƙwayar sukari da kafson gyambo. Aka yi ta yi, gero ya yi kai, gyambo sai faɗi yake ƙarawa, sukari kuma ya ƙi sauka. Daga ƙarshe lokotoro ya faɗi maganar da kowa ke tsoro: idan abin bai juya ba nan kusa, sai an tura shi babban asibitin Dosso, kuma a can mai yiwuwa a yanke ƙafar.

A hanyarmu ta komawa, bisa amalanken jaki, Agwai bai zage ni ba ko sau ɗaya. A nan na san lamarin ya kai inda ya kai. Garkensa yana arewa tare da ƴaƴansa tun farkon ruwa, ba zai dawo ba sai an gama girbi, kuma tun yana saurayi bai taɓa fashin fita da ƙafarsa ya tarye shi ba. Da muka kusa ruga sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mushe, ba ni zuwa Dosso. Da ƙafa biyu na zo duniya, da su za a rufe ni." Mushe ya kira ni, ba Kaɗo ba. Ban taɓa jin sunan girmana ya yi mini ɗaci kamar ranar ba.

A lokacin kuwa an shigo da wani sabon tsari a likitarmu. Da can, abin da muka sani game da farmasi shi ne taga da hannu: ka miƙa takarda, hannu ya miƙo ƙulli, ka kama gabanka. Yanzu sai ga wata matashiya, wadda ta yi karatun haɗa magunguna mai zurfi a Yamai, tana zuwa tare da lokotoro ranar kasuwa. Ba ta tsayawa bayan taga. Kujera gare ta a ɗakin duba marasa lafiya, kusa da ta lokotoro da ta majo, kuma duk wanda ciwonsa ya ƙi jin magani, su ukun suke zama a kansa tare da shi. Doka ɗaya ta kafa: kowa ya zo da dukan magungunan da ke ɗakinsa, ta gani da idonta.

Ranar kasuwar da ta biyo, na raka Agwai, ya shiga, na zauna a inuwar dogon-yaro ina jira. An jima sai ga mai farmasi ta fito, ta rusuna ta gaishe ni yadda ya kamata.

"Baba Mushe, wata alfarma nike nema."

"Faɗi, ɗiyata."

"So nike ka shigo ka zage mini shi."

Na ɗauka kunnena ne ya fara cin amanata. Na ce, "Mi kinka ce?"

Sai ta yi mini bayani, tana danne murmushi. Ta zazzage jakar fatar Agwai, ta tarar kafson gyambo ya ƙare daidai lokacinsa, amma ƙwayar sukari tana nan kusan yadda aka ba shi. Ta tambaye shi dalili, ya ce lahiya lau. Ta tambaye shi abin da yake ci da lokacin da yake ci, ya dubi rufin ɗaki ya ce alhamdu lillahi. Ta ce, "Ni sa'ar jikarsa ce, Baba. Dattijon Bafillace ba shi zancen cikinsa gaban yarinya, ko za shi mutu. Lokotoro baƙo ne, majo kuma surukin maƙwabcinsa ne. Na tambaya wa ke iya sa shi ɓarin baki a garin nan, anka ce mutum ɗaya ne."

Jama'a, an ba ni lambobin yabo a rayuwata, an kuma tafa mini a taruka. Amma ban taɓa jin kaina ya kumbura irin na wannan lokaci ba. Abin da na share shekaru ina yi kyauta a bakin kasuwa, yau ga ilimin likitanci ya durƙusa yana neman sa. Na gyara zaman hulata, na kakkaɓe riga, na shiga ɗakin da irin takun da sufeto ke shiga aji.

Agwai na zaune a kan benci, ƙafa a naɗe, fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Na ja kujera na zauna a gabansa, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Agwai, labari ya iso mini. An ce ba sukari ke damunka ba, yunwa ce. An ce rugarka ko tukunya babu, rowa ta hana ka sayen ta."

Ya ɗago kai a hankali. Na ga wani ɗan haske ya dawo idonsa. "Wa ya ba bawa izinin zama bisa kujera gaban ubangidansa?"

"Gwamnati ta ba ni. Faɗa wa mutane gaskiya, yaushe rabonka da abinci?"

"Abinci? Ka gan ni na yi kama da Ba'are, mai cika ciki da wake har jakinsa shi guje shi? Rabona da cin abinci tun kasuwar da ta wuce, da matarka ta aza mini tuwon nan nata mai kama da tubali. Don kunya na ci."

Majo ya zabura. "Tun waccan kasuwa, Baba? To da mi kake rayuwa?"

"Da abin da ƴaƴan asali ke rayuwa da shi. Hura da nono."

Mai farmasi ta ɗaga fakitin ƙwayar sukari, ta tambaya da murya mai taushi, "Wannan fa, Baba?"

Yanzu bakinsa ya riga ya buɗe, ba ya rufuwa. "Wanga? Lokotoro da bakinsa ya ce in sha in na ci abinci. Ranar da na ci, na sha. Ranar da ban ci ba, ban sha ba. Ni ba ni saɓa maganar manya, ba kamar wasu ba."

Ni kuwa sai na ji wani abu ya tsarga mini tun daga ƙafa har ƙeya, irin abin da malami ke ji idan lissafin da ya gagari aji ya warware a gabansa. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce, "Aikatau ne! Wallahi aikatau ne!" Na juya ga lokotoro, na ba shi darasin nahawu mafi daɗi da na taɓa bayarwa. Na ce a Faransanci, harshen da ya yi karatu da shi, kalma guda ce ta tattara duk abin da mutum ya sa a cikinsa ya ƙoshi. A Hausa kuwa tuwo ake ci, fura shan ta ake yi. Wanda ya wuni yana shan fura, ko ta kai masa wuya, in ka tambaye shi ko ya ci abinci, zai ce maka a'a, kuma bai yi ƙarya ba. Lokotoro ya dafe kai, ya fashe da dariya har da buga tebur. Majo ya jingina da bango yana share hawaye. Ni kaina, da dokata ta hana dariya a bainar jama'a, sai da na toshe baki da hannun riga.

Mai farmasi ce kaɗai ba ta gama ba. Ta bari dariya ta lafa, sannan ta ɗaga fakitin kafso wanda ya ƙare. Agwai ya ce da alfahari, wannan kam bai taɓa fashinsa ba. Ta ce da me yake haɗiye shi? Sai kunya ta dawo, ya koma kallon rufi. Ta ɗan waiwayo ta dube ni. Na gane aikina.

"Da mi kuwa, in ba ruwan rijiyar kakana ba? Shi ya raya su tun zuwansu."

"Allah shi kiyaye!" in ji Agwai, har yana buga sanda a ƙasa. "Ruwa na shanu ne da Haɓe irin wanga Kaɗo. Da nono nike haɗiye shi, mai ɗumi, yanzu-yanzu daga hantsa!"

Mai farmasi ta lumshe ido kamar wadda ta tsinci allurar da ta daɗe tana nema. Ta matso da kujerarta kusa da shi ta ce, "Baba, ka san kokowa. Wannan kafson, in ya gamu da nono cikin ciki, sarƙe juna suke yi kamar ƴan kokowa biyu da sunka ƙi kayar da juna. Haka za su fice tare, maganin bai kai ga ƙafarka ba." Ashe duk tsawon lokacin nan, maganin da ke son rakiyar fura an hana shi ita, wanda kuma ba ya shiri da nono an aurar da shi ga nono. Kuma duk cikin biyayya aka yi.

A nan ne abin ya kusa lalacewa. Majo, da kyakkyawar niyya, ya ce, "To ai sauƙi ne, sai a hana shi nono." Ban taɓa ganin fuska ta rufe da sauri haka ba. Agwai ya jawo sandarsa, ya fara yunƙurin tashi a kan ƙafar nan mai ciwo. Na san shi. In ya fita ƙofar nan, ba Dosso ba, ko likitar ba zai sake takowa ba.

Mai farmasi ta ce, "Ba mai hana ka nono, Baba. Ni ban iya kiwo ba, kai ka iya. Zauna ka koya mini yininka, tun daga asuba, mu ga inda magani zai samu wurin zama."

Ya tsaya yana dubanta. Sannan ya koma ya zauna. Wanda ɗazu ya kasa cewa komai sai lahiya lau, ya shiga ba da labarin yininsa kamar mai waƙa: sallar asuba, tatsar ƴan shanun da aka bari a gida, furar hantsi, shayi, kai maruƙa fadama, nonon bayan isha'i. Tana saurare, tana tambaya. Daga nan ta juya ga lokotoro suka yi shawara a gabanmu, ba a ɓoye ba. Ta tambaya ko akwai wani maganin da ke shiri da nono a musanya. Lokotoro ya ce irin wannan gyambo wannan kafson ya fi ji. Ta ce to sai a raba musu lokaci kamar yadda ake raba wa makiyaya da manoma hanya. Kafso da ruwa a sallar asuba, kafin a taɓa saniya, nono sai hantsi ya ɗaga. Na biyu da la'asar sakaliya, nesa da furar rana, nesa da nonon dare. Ƙwayar sukari kuwa tare da fura. Kowane mataki sai ta tambayi Agwai, "Wannan zai yiwu?" Inda ya ce a'a, a sake lale.

Lokotoro ya miƙe ya ce, da muryar alƙali, "Daga yau, a ɗakin nan, fura abinci ce."

Agwai ya girgiza kai. "Ashe shekara da shekaru ina cin abinci ban sani ba. Kaɗo, kada ka faɗa wa kowa."

Aka aika kasuwa aka kira matarsa, wadda ke can tana sayar da nono, domin ita ke dama furar. Ta shigo da ƙwaryarta a ka, ta ji bayani, ta yarda za ta rage ludayi ta kuma daina zuba sukari. Ta ƙara da tona cewa tsohon yana da wani ƙullin sukari da yake ɓoyewa cikin rufin bukka saboda shayi. Majo ya ɗauki nauyin wankin ƙafa da samo takalmin da ba ya matsa wurin. Sai mai farmasi ta nuna ni ta ce, a gaban kowa, "Baba Mushe ma yana cikinmu. Shi ne zai riƙa zuwa ruga yana jin gaskiyar da ba a faɗa mana." Na amsa da ɗan sunkuyar da kai, irin na wanda aka naɗa muƙamin da ya cancanta. A cikina kuwa ganguna ake kaɗawa.

Haka na koma bakin aiki bayan na ajiye shi. Nakan tafi ruga da hantsi, in zauna a kan tabarma, in buɗe taro da cewa na zo duba ko bawan Arawa ya sha ruwan iyayen gidansa. Daga cikin ramuwar da zai yi nake tsinto abin da nake nema. Ta haka na gano ƙwayar sukari tana murɗa masa ciki, har ya fara tunanin jefa ta a fadama. Na kai rahoto ranar kasuwa. Mai farmasi da lokotoro suka rage masa ita, suka riƙa ƙarawa sannu a hankali har cikin ya saba. Gyambo ya fara tsukewa daga gefe, jan nama mai kyau ya taso. Ranar da majo ya kwance bandeji, lokotoro ya duba ya ce maganar Dosso ta mutu, na fito waje na rasa abin da zan yi da kaina, sai na gaisa da wani jaki da ke ɗaure a ƙofa.

Aka gama girbi, labari ya zo garke ya kusa. Agwai ya sa takalminsa, ya saɓa sanda a kafaɗa, ni kuma na bi shi da babbar rigata ta Juma'a, a matsayin wakilin likita. Rabin gari ya fito kallo, cikinsu har da dattawan da na koya wa karatu suna yara. Muka tsaya a bakin fadama. Can sai ƙahoni suka ɓullo daga bayan tudu. Agwai ya sa hannu a kunne, ya rangaɗa wani kira da Fillanci, sai wata tsohuwar saniya ja ta ɗaga kai, ta yi kuka, ta taho a guje, garke duka ya biyo ta. Sai na ga tsohon nan, wanda aka kusa yanke wa ƙafa, ya ruga ya tarye su, yana ɗan ɗingishi yana ihu kamar yaro.

Ni ma na ruga. Har yau ana gardama a garinmu kan dalili. Maƙiyana sun ce ƙahoni na gani. Gaskiyar magana ita ce ƙafafuna ne suka yanke hukunci ba su shawarce ni ba, kuma wajen shanun na nufa, ba gida ba. Riga ta cika da iska, hula ta tashi, wani ɗan maraƙi ya taka ta, ni kuwa ina gudu ina dariya da baki buɗe, a gaban duk wanda na taɓa yi wa horo saboda gudu a farfajiyar makaranta. Na iske Agwai rungume da wuyan jar saniya, hawaye na zuba. Ya dube ni, kai ba hula, ina haki.

"Kaɗo, yau na ga abin da ya fi warkewata mamaki."

Na ce, "Rufe mini baki. Aikin hukuma nike."

Ranar kasuwar da ta biyo, ya tako da ƙafarsa tun daga ruga har likita, matarsa na biye da ƙwarya fal da fura da nono, ya ajiye a gaban mai farmasi. Ta buɗe faifan, ta duba, ta dube shi ba ko murmushi.

"Baba, in ci ko in sha?"

Na shekara da yawa ina gaya wa yara cewa ilimi yana cikin littafi, kuma ban janye ba. Amma wannan al'amari ya ƙara mini babin da ba a koya mana ba. Lokotoro ya san ciwon, majo ya san gyambon, matar ta san ƙwaryar, ni na san bakin mutumin, kuma kowannenmu da gaskiyarsa, amma ƙafar tana ruɓewa, domin ba a taɓa tara mu a ɗaki ɗaya ba. Sai da aka samu wadda ta san halin magani, ta fito daga bayan taga, ta ɗauki mara lafiya a matsayin malaminta, sannan ta ba kowa aikin da ya iya, har da mai zagi. Magani ba ya ƙarewa a takardar lokotoro. Sai ya samu wurin zama a cikin yinin mai shan sa, da harshensa, da kunyarsa, sannan yake zama magani. Hular nan kuwa tana nan rataye a ɗakina, da sawun kofato a tsakiyarta, kuma na hana a wanke ta.